Injin Kiɗa da Ƙafar Baba

Akwai wani mai haɗa kiɗa da abokansa ke yi wa laƙabi da Saiti. Ba su yi ƙarya ba, don ko cokali ya faɗi a gidansu sai ya ce bai faɗi a kan lokaci ba.

Injin kiɗansa ɗan akwati ne mai maɓallai goma sha shida a jere. Duk maɓallin da ya danna sai ya kawo haske, injin ya buga ganga a daidai wurin, ya zagayo ya maimaita. Saiti ba ya yarda bugu ya kauce ko da ƙiris.

Ana nan sai mahaifinsa ya samu shanyewar ɓarin jiki na hagu. Likita ta ce ƙafar hagun za ta iya dawowa, amma sai yana takawa kullum. Baba ya gwada ya gaji, ya fara cewa a ƙyale shi a kujerarsa. Hankalin Saiti ya tashi, don ya ga tsohon na neman sallamawa.

Sai ya kawo injin falo ya kunna.

"Baba, bugu mai nauyi na ƙafar dama ne, mai kaifin kuma na hagu. Ka bi su kawai."

Dama ta sauka daidai, hagu ta makara. Aka sake, ta sake makara. Baba ya zauna yana haki.

"Kashe abin nan. Yanzu har akwati ma gori yake min."

Maganar ta yi wa Saiti zafi ƙwarai.

Da safe ya ji Baba na dafa bango zai shiga banɗaki, silifas ɗinsa na jan siminti. Ya kasa kunne. Ikon Allah, ashe makarar ma tsari gare ta, kowane taku iri ɗaya take zuwa!

Ya janyo ƙanwarsa. "Ke, saurara ki ji."

"Yaya, mutum na fama da ƙafa, kai kiɗa kake ji?"

Bai kula ta ba. Ya rage gudun injin, ya ɗauke bugun hagu daga maɓallinsa ya kai shi gaba, inda ƙafar Baba ke sauka. Kiɗan ya fito yana ɗingishi. Da a situdiyo wani ya yi masa haka, da tuni ya kore shi.

Da ƙyar ya lallaɓa Baba ya miƙe. Wannan karon dama da hagu duk suka faɗa kan kiɗa.

"To, yau akwatin ya yi hankali," in ji Baba.

Daga nan kullum sai Saiti ya kunna masa injin. Duk lokacin da ya ga ƙafar ta saba, sai ya matso da bugun ɗan kaɗan zuwa wurinsa na asali, yadda kunne ba zai kama ba. Ranar da ta yi nauyi ya mayar da shi inda yake, ba ƙorafi. Haka suka kwashe watanni.

Wata rana da yamma Baba ya ja ya tsaya a tsakiyar falo.

"Wai kiɗan nan naka ba ya sauri ne? Ni nake jiran sa."

Bai jira amsa ba, ya buɗe ƙofa ya fita bakin titi da ƙafarsa. Saiti ya kifa kansa a kan injin yana hawaye, ƙanwarsa na yi masa dariya, ita ma tana share nata.

Darasi: In kana son ɗaga wanda ya gaza, kada ka tsaya inda ya kamata ya kai kana kiran sa. Je ka same shi inda yake, ku taho tare a hankali. Ku tura wa duk wanda ke jinyar wani nasa.