Igiyar Malam Habila

Akwai waɗansu mutane, ba zan kama suna ba, sun san kansu, waɗanda ba abin da ke kai su majami'a sai kujerar gaba. Ran Lahadi su ke fara ɗaga murya in an zo waƙar tawali'u, har da lumshe ido, amma ka ce su kama benci ɗaya a gyara masa zama, nan take ciwon baya zai tashi. Su suka tura wani tsoho cikin rami, hannuwansu cikin aljihu. Tura shi suka yi, ko da yake ba wanda ya taɓa jikinsa. Ku gyara zama ku ji yadda aka yi, in na gama ku yanke hukunci.

A Unguwar Kanya ba a gane shugaban masu bi da riga ko da sanda. Da igiya ake gane shi. Mutumin da ya fara kawo bishara garin mahaƙin rijiya ne, kuma kafin ya aza tubalin majami'a sai da ya haƙa wa gari rijiya. Ya bar ƙa'ida ɗaya tak: duk wanda zai tsaya gaban jama'a ran Lahadi, shi zai sauka ƙasan rijiyar nan kowace bazara ya yashe ta. A ɗaura masa igiya a ƙugu, a zura shi, ya yi ta cika guga da laka da ruɓaɓɓen ganye da tsofaffin takalman yara, na sama suna ja. Gari duka ke shan ruwan, Kirista da Musulmi da Fulani masu wucewa da shanu, ba mai tambayar wa ya sha laka dominsa.

Malam Habila ya riƙe igiyar nan tun gemunsa yana baƙi har ya koma fari fat. Da ya ji gwiwa ta fara ƙi, bai ɓoye ba. Ya tara dattawan ikkilisiya ya ce ƙarfinsa ya ƙare, wani ya karɓa. Mutanen nan da na ce ba zan kama sunansu ba suka miƙe zaune, ido ya yi haske, har sai da aka ambaci rijiya, sannan kowa ya shiga duban ƙasa. Andarawus, mai sayar da hatsi, wanda ya fi kowa abin hannu a garin, shi ya faɗi abin da ke ransu. Ya ce zamani ya canja, a ɗauko 'yan ƙwadago su riƙa yasar, shi zai biya, shugaba ya ji da wa'azi. Malam Habila ya dube shi ya ce, "Wanda bai sauka ba, me zai hau ya gaya wa mutane?" Daga nan ya juya ga Barnaba, wani manomi mai sanyin hali wanda ya daɗe yana sa wa ido, ya miƙa masa igiyar. Barnaba ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ban isa ba." Aka tashi taro igiya tana hannun tsoho.

Ranar yasa, wani ya tuna da gaisuwar mutuwa a ƙauyen surukansa, wani ya tashi da mura, wani ya zo cikin riga mai sitaci ya tsaya inuwa. Malam Habila ya ɗauko igiyarsa daga jikin bango. Matarsa Afiniki ta tare ƙofa.

"Malam, gwiwar da ba ta kai ka bayan gida sai da sanda, ita za ta kai ka ƙasan rijiya?"

"Ai ba gwiwa ke sauka ba. Igiya ce."

"To igiyar ta je ita kaɗai."

Ya yi murmushi ya raɓa ta gefenta. Matan zumuntar majami'a da waɗansu 'yan tsirarun maza suka zura shi. Guga ya fara fitowa da laka, ana ta aiki, sai aka ji wani ƙara kamar an kifar da buhu. Gefen rijiyar ya zabtare, itacen da ke gicciye a baki ya karye ya bi ƙasar. Da ƙura ta lafa aka leƙa, sai kan tsoho da hannu ɗaya ake gani, sauran duk ƙasa ta danne, kuma bangon bai daina zuba ba.

Mutum uku suka ceci ransa. Na farko shi ne Kefas, magini. Kefas yana ƙarƙashin horon ikkilisiya a lokacin. Ya sha burkutu ya fasa wa wani baki a kasuwa, Malam Habila da kansa ya mai da shi bencin baya, ya hana shi cin gurasar jibin Ubangiji tare da masu bi, kuma tun daga ranar ko gaisuwa ba ya yi wa tsohon. Ya iso da gudu ya tarar da masu riguna sun yi da'ira can nesa da rami, suna addu'a da ƙarfi. Ya ce, "Ku sassauta, muryarku na ƙara zubo masa ƙasa." Ya tuɓe riga, ya ɗaura wata igiya a ƙugu, ya ɗaga kai sama ya ce, "Ubangiji, raina naka ne. In a ƙasa kake son karɓa, ga shi nan zuwa." Ya sauka. Bai yarda a zuro masa fartanya ba, kada ya sari tsoho, da yatsunsa ya yi ta tono har faratansa suka ciccire, ƙasa tana zubo masa a ƙeya. Malam Habila ya buɗe ido da kyar ya ce, "Kefas, kai ne?" Ya ce, "Ni ne, Baba. Na bencin baya." Ba don shi ba, da an rufe rijiyar nan a kan gawa.

Na biyu Andarawus ne, shi dai wannan mai zancen 'yan ƙwadago. Kefas ya ƙwala kira daga ƙasa cewa in ba a tokare bango da katako ba, su biyun za a haƙo. Duk garin ba katakon da zai yi sai na sabon gidan Andarawus, wanda ya yi shekaru yana ginawa, ko tarewa bai yi ba. Bai tsaya shawara da kowa ba. Ya ɗauki gatari da hannunsa, ya ɓalle ƙyamaren, ya farke rufin ya zaro azara, aka zura su aka tokare. Tun da itacen bakin rijiya ya karye, babu inda za a rataya igiya, sai ya naɗe ta a hannunsa, ya kwanta rubda ciki a cikin taɓo da farar rigarsa, maza suka riƙe ƙafafunsa. Kefas kuwa tsohon yaronsa ne da ya taɓa kora daga aiki, ga shi yau yana ƙasa yana ba shi umarni. "Ja, mai tumbi, ko sai an ɗauko maka 'yan ƙwadago?" Gari duka na ji. Andarawus ya ce, "To, Kefas." Ya ja. Igiya ta ci naman tafinsa har yatsu biyu ba su ƙara lanƙwasuwa ba, bai saki ba sai da mutum biyu suka fito. Ba don shi ba, da mai tono da wanda ake tonowa sun kwana a wuri ɗaya.

Na uku Barnaba ne. An fito da tsoho da rai, amma ƙugu ya karye. Mai ɗori ya yi nasa ya ce karayar ba ta kisa, kwanciyar ce ke kisa, in ba a sami mai juya shi da wanke shi ba gyambo zai cinye shi kafin kaka. Afiniki ta tsufa, ba ta iya ɗaga shi. Masu kujerar gaba sun zo dubiya sau ɗaya, suka yi addu'a daga bakin ƙofa suna numfashi ta baki. Barnaba ya naɗo tabarmarsa ya tare a ɗakin. Shi ke juya shi, shi ke wanke miki da ruwan ɗumi da gishiri, shi ke kwashe kashi da fitsari ya kai bayan gida, ya dawo ya ba shi kunu a baki. Damina ta sauka, kowa ya fita gona, ciyawa ta haɗiye dawarsa yana gani, iyalinsa suka ƙare shekarar da abin da 'yan'uwa suka ɗebo musu. Ko sau ɗaya ba a ji ya ambata ba. Ba don shi ba, da wahalar waɗancan biyun ta ƙare a jana'iza.

Malam Habila ya rayu, amma ƙafa ba ta ƙara ɗaukarsa ba. Kaka ta wuce, rani ya wuce, bazara ta sake kamawa, ruwan rijiya ya fara fitowa ja. Mutanen nan kuwa ba su yi barci ba. Suka aiko masa, cikin ladabi har da durƙuso, cewa in ranar yasa ta zo bai ɗaura wa kowa igiyar ba, za a naɗe ta a ajiye a sito, a zaɓi shugaba da ɗaga hannu kamar yadda ake yi ko'ina. Tsoho ya san wa za a ɗaga wa hannu, ya kuma san daga ranar ba shugaban da zai ƙara taɓa laka a Unguwar Kanya. Yana kwance yana duban igiyar a jikin bango, abinci ya daina shiga.

Ya aika a kira Kefas. Kefas ya bar burkutu, wannan gaskiya ne, amma ya sami wani abin sha. Duk lokacin ba da shaida a majami'a shi ne a tsaye, labarin rijiya, yana nuna farcensa, yana nuna mutane da yatsa. Malam Habila ya ce, "Na ji rijiyar ta ƙara zurfi a labarinka tun makon jiya."

"Baba, na sauka ko ban sauka ba?"

"Ka sauka."

"To ba ni igiyar, in nuna wa masu sitacin nan yadda ake bauta wa Allah."

Ya tafi ya bar tsoho da kalmar nan, in nuna, tana yi masa kai da kawo.

Ya aika a kira Andarawus. Tun ranar rijiya Andarawus ya ɗauke kansa daga kujerar gaba, ba wanda ya sa shi, ya koma bencin baya, shi ke share majami'a da gurgun hannunsa. Gidan yana nan ba rufi. Ya zauna a ƙasa ya ce, "Baba, bakina ne ya ba su ƙarfin gwiwa, na sani. In riƙe wa mai sauka igiya daga sama kowace shekara har in mutu, na yarda. Gida da hatsi, na bar wa Ubangiji. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, in na leƙa ramin nan jikina rawa yake yi. In ka ɗaura mini ba zan ƙi ba, sai dai ban yi maka alkawarin zan kai ƙasa ba."

Barnaba ba sai an aika ba, yana nan yana matsa masa ƙafa. Tsoho ya nuna bango da haɓa. Barnaba ya ce, "Baba, ban isa ba."

"Bara ma haka ka ce, na sauka da wannan gwiwar."

Barnaba ya koma kan ɗaya ƙafar. Tsoho ya ƙara da cewa,

"Da kake kwashe kashina ban ji ka ce ba ka isa ba."

"Wannan aikin bawa ne, Baba."

"Igiyar kuma aikin wa?"

Ya ci gaba da matsa ƙafa, hawaye na ɗiga a kan zane, amma bai ce to ba. Afiniki tana bakin ƙofa tana tsince wake, ta ce, "Shi wannan, ka ce ya kwanta a taka shi, zai kwanta. Ka ce ya miƙe tsaye, sai tawali'u ya kama shi."

Ranar yasa aka ɗauko Malam Habila a kan gado aka ajiye shi bakin rijiya, igiya a kan cinyarsa. Gari ya taru. Ga Kefas ya riga ya tuɓe riga, yana waige ya ga ko ana kallonsa. Mutum ne da ya miƙa ransa ba tare da ya yi ciniki ba, ya kuma riƙe yabon gam. Ga Andarawus ya tsaya ɗan nesa da baki, gumi na keto masa, wanda ya zubar da gida da girma da yatsu, ya haɗiye zagi a gaban jama'a, fatar jikinsa kaɗai ya kasa sakarwa. Ga Barnaba a durƙushe yana gyara wa tsoho matashi, wanda ya ba da shekara guda da gonarsa ba wanda ya ji, amma sau biyu ana kiransa yana zaɓar wa kansa inda zai yi bauta. Can inuwar kanya kuwa masu sitaci suna tsaye, ɗaya har ya zo da mabuɗin sito a hannu. Tsoho ya ɗaga igiyar, ya dubi wannan, ya dubi wancan.

Nan na tsaya. Wanda ya ba da rai ya riƙe suna, da wanda ya ba da suna ya riƙe rai, da wanda ya ba da komai ya riƙe a'a, ƙugun wa ya kamata igiyar nan ta ɗauru? Ku yi ta gardama, amma kada wanda ya ce mini a ba wani na huɗu, don na huɗun yana inuwa. In kuwa akwai mai cewa sharri na yi wa masu kujerar gaba, bakin rijiya ba shi da nisa, ruwa ya yi ja, ya zo ya ɗaga hannuwa a ɗaura masa.