Tambarin Ungozoma Tabawa

Ku gyara zama, ga wata da ni kaina na kasa yanke mata hukunci.

Tabawa ta shekara talatin tana karɓar haihuwa a ƙauyensu. Da aka ce ungozoma ba ta shiga ɗakin haihuwa na asibiti sai da shaidar horo, ta je ta yi horon. Shaidar kuwa ba takarda ba ce, tambari ne da ake turowa a waya. Wanda aka fara turowa hular digiri ce da mitsi-mitsin Turanci. Tabawa ta ƙura masa ido ta ce, "Wannan murfin tukunya ne?" An yi dariya, amma abin ya yi mata ciwo, don ba ta ga kanta a ciki ba.

Sai aka ba wasu ƙawaye uku aikin sake shi.

Nusaiba ta cire hular, ta zana hannuwa biyu riƙe da jariri, da launin da ake gani ko da tsakar rana.

Balaraba ta lura ungozomomi uku ke amfani da waya ɗaya, kuma ba mai karanta boko a cikinsu. Ta rubuta sunan kowacce da ajami, manya-manya.

Ladidi kuwa ta ji ana kwafar tambarin ana sauya suna. Ta sa wani ɗan zane mai ɗigo-ɗigo a ƙasa, in an haska shi da waya sai ya nuna mai shi.

Ranar da naƙuda ta yi wa wata 'yar ƙauyensu mai suna Kande gardama, Tabawa ta kai ta asibiti. Kande ta damƙe mata zane ta ce, "Inna, in ba ke, ba na shiga." Mai gadi ya tare ƙofa, da ya hango hannuwan nan a wayar Tabawa sai ya kauce. Nas ta ce, "Wanne ne naki?" Tabawa ta duba wayar, tambari uku iri ɗaya, sai idonta ya faɗa kan sunanta. Nas ta ce masu jabu biyu ta kora a makon nan. Ta haska, ta ce, "Shigo, Inna."

Tabawa ce kaɗai ta san Kande ta zubar da jini a haihuwar fari. Ta faɗa, aka shirya, Allah ya sauke ta lafiya da 'ya mace.

Mijin Kande ya ce, "Inna, 'yar fari ta ci sunanki. Wannan ki zaɓa mata sunan ɗaya cikin ukun nan da suka gyara tambarin."

Kwana shida Tabawa tana juya maganar, gobe suna. To, ku da kuka ji, sunan wa za a raɗa wa yarinyar?