Wanda Yake Tsayawa a Bayan Sanduna

An yi wani malami a wata makarantar firamare, dattijo mai ɗingishi, wanda yake koya wa yara wasan kurket. A wasan nan, in an buga ƙwallo ta yi nisa, sai masu tsaron fili su tare ta, su jefo wa mai kamawa da ke tsaye kusa da sanduna uku. Yaran kuwa 'yan tamaula ne, da ƙafa suka fara tarar ƙwallon, har ta koya musu hankali, gama tauri gare ta kamar goruba.

A cikinsu akwai wata yarinya mai suna Afiniki. Ta saba korar tsuntsaye da hoge a gonar gero, saboda haka hannunta ya fi na kowa ƙarfi, sai dai babu saiti. Wata rana ta yi jifa, ƙwallon ta wuce kan mai kamawa ta faɗa cikin sarƙaƙiya. Ita ke nan ƙwallon makarantar, sai da aka yi kwanaki ba wasa kafin a gano ta. Yara suka sa Afiniki a gaba da gori.

Tun daga ranar ba ta ƙara jifa ba. In ta tare ƙwallo sai ta sunkuyar da kai, ta ruga da ita a hannu har sanduna, kafin ta isa abokan hamayya sun gama cin makinsu. 'Yan ƙungiyarta suka gaji, suka ce a cire ta. Ita kuwa tana son wasan nan kamar ranta.

Malamin ya kira ta ya ce, "Afiniki, yau ki jefa."

Ta ce, "Malam, zan sake ɓatar da ita."

Ya ce, "Ke dai ki jefa. Abin da ya biyo baya nawa ne."

Da ƙwallo ta zo wajenta, ta ɗauka, ta wurga da dukan ƙarfinta. Ƙwallon ta kauce kuwa, har ta fi ta ranar nan kaucewa. Afiniki ta rufe ido tana jiran gori, amma ta ji shiru. Da ta buɗe, sai ga malamin can bakin sarƙaƙiya, durƙushe a kan gwiwa ɗaya, wandonsa duk ƙarangiya, ƙwallon tana cikin tafin hannuwansa.

Ta ce a hankali, "Yaya aka yi ya san can za ta?"

Kefas, mai kamawa, ya ce, "Ai kullum haka yake yi. Duk lokacin da kika ɗauki ƙwallo sai ya ruga can ya tsaya. Ke ce ba ki taɓa ɗaga kai ba."

Makonni ke nan dattijon nan yana jan ƙafarsa cikin ƙaya, yana jiran jifar da ba ta zuwa. Afiniki ta tsaya tana kallonsa.

Ga ma'anar wannan misali, ya ku ƙaunatattu. Ƙwallon ita ce baiwar da Allah ya danƙa a hannun kowannenmu. Da yawa a cikinmu mun yi kuskure sau ɗaya, aka yi mana dariya, muka ƙanƙame baiwar, muna kiran tsoronmu tawali'u. Malamin kuwa yana nuna mana Ubangiji, wanda ya san inda hannunmu yake kaucewa, ya kuma riga mu isa wurin. Bai ce sai mun ƙware ba, cewa ya yi mu jefa. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ya daɗe yana tsaye dominka cikin ƙaya, har yanzu kuma bai gaji ba.