Dogo da Kujerar Sahun Gaba

Akwai wani mai aski da kowa ke kira Dogo, don ko ƙofar shagonsa sai ya sunkuya yake shiga. Duk wanda ya zauna a kujerarsa, tun daga ƙeya har goshi waƙoƙin mutum ɗaya zai sha, wani mawaƙi da ke rubuta waƙarsa da kansa, ya kuma kaɗa jitarsa da kansa.

Shekara da shekaru Dogo na burin ganinsa ido da ido. Da aka ce zai yi wasa a babban ɗakin taro na garin, sai ya rufe shago, ya bi layi cikin rana, ya samo tikiti biyu a sahun gaba.

Ranar wasan da yamma suka zauna shi da matarsa. Mawaƙin ya fito, ga shi nan dab da su, har Dogo na hango furfurar gefen kunnensa, yana saƙa yadda zai gyara masa ita da ya samu dama.

Ana cikin waƙa sai ya ji magana a bayansa. Wani tsoho ne mai raunin ido yake tambayar tasa matar, wata tsohuwa, wace irin riga mawaƙin ya sa.

"Malam, ni dai bayan wani bawan Allah nake gani," in ji tsohuwar. "Amma rigarsa ta sha guga."

Dogo ya yi kamar bai ji ba. Ya zame cikin kujera, ya noƙe wuya, duk da haka ya tare ko'ina. Sai ya ji tsohon na rarrashinta, wai ba komai, dama so ya yi ta zama idonsa yau, tunda waƙoƙin nan ne suka ɗebe masa kewa sa'ad da yake kwance a asibiti.

Matar Dogo ta ɗan zungure shi da gwiwar hannu. Ya dubi mawaƙin, ya miƙe.

"Baba, ku dawo nan gaba kai da Mama."

Tsohuwar ta ce a'a, ba za su raba shi da wurinsa ba. Dogo ya kama hannun tsohon ya zaunar da shi, su kuma suka koma kujerun tsofaffin.

Ai kuwa zamansa ke da wuya na baya suka fara tsaki. Ya sake yin musaya, ya ja baya. Can ma haka. Sahu bayan sahu, shi da matarsa suna ba da haƙuri, har suka tsinci kansu a tsaye jikin bango, kusa da ƙofa. Daga nan mawaƙin bai fi ɗan yatsa ba. Ran Dogo ya sosu ƙwarai, matarsa dai ta riƙe masa hannu.

Ashe mawaƙin na kallon komai. Da ya kai ƙarshen wata waƙa, sai ya tambaya ko dogon mutumin nan gudun muryarsa yake yi. Tsohuwar ta ɗaga hannu, aka miƙa mata makirufo, ta zayyana abin da ya faru.

Mawaƙin ya sauko da jitarsa, ya ratsa tsakiyar jama'a har jikin bango. Kowa ya juyo. Mawaƙin ya ce wa Dogo ya zaɓi waƙar da yake so.

Dogo ya buɗe baki, sunan waƙa ko ɗaya bai zo masa ba.

"Ko wacce ma, ranka ya daɗe," ya ce.

Ɗakin ya kwashe da dariya. Nan gabansa mawaƙin ya tsaya ya rera waƙar rufewa, jama'a na amshi, Dogo na share ƙwalla da bayan hannu.

Matarsa ta ɗauke su hoto cikin murna. Sai da suka isa gida suka duba: mawaƙin ya fito tsaf, Dogo kuwa daga wuya zuwa sama bai shiga ba. Duk da haka ya sa aka wanke hoton, ya ce duk mai shakkar cewa shi ne a ciki ya zo ya gwada rigar.

Darasi: In jin daɗinka ya tare wa wani nasa, ka matsa masa, ko da kai ka riga shi zuwa. Alherin da ka yi ba don a gani ba, ba ya ɓata. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman dogayen cikinsu.