Bunsurun da Ya San Birnin Gulbi

An yi wani bunsuru a ƙauyen Tudun Ƙaya wanda sau ɗaya tak ya taɓa zuwa Birnin Gulbi, amma shekara bakwai bai bar kunnen kowa ya huta ba. Rakiyar wani falke ya yi da tsakiyar rani, ya wuni ya dawo. Tun daga ranar, ko zancen miya ake yi sai ya shafa gemu ya ce ba haka ake yi a birni ba. Dabbobin ƙauye suka ɗauke shi masani, shi kuwa ya fi son wannan girma a kan abinci.

Yana da wata gwaggo, Tunkiya, tsohuwa ce mai bakin tsiya. In ta ga abu da safe, kafin azahar gari ya ɗauka. Da kaka ta yi, sai ta kafe lallai ya kai ta ta ga tsibirin nan mai babbar kuka da yake ta ba su labari. Bunsuru dai ya san ɗan abin da ya gani bai taka kara ya karya ba. Amma ina halin ya ce a'a?

A ƙofar birni suka haɗu da Agwagwa, wadda sana'arta ita ce zagayawa da baƙi. Ta yi musu sannu da zuwa, ta ce tana da kwalekwale in suna son ganin gari da tsibiri.

Bunsuru ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Mun gode. Tun kina cikin ƙwai na san garin nan."

Agwagwa ba ta yi fushi ba. Ta bi bayansu a hankali tana rangaji, kamar mai jiran wani abu.

Suka isa inda ake bandar kifi, hayaƙi ya turnuƙe. Bunsuru ya ce nan ne madafar sarki. Suka wuce inda ake sassaƙa kwalekwale, ya ce kwamin shayar da shanu ne, na birni haka yake da tsawo. Gwaggo ta yi ta jinjina kai tana adana komai a ciki, masu sassaƙa kuwa suka sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya.

Da suka iso gaɓa, sai Bunsuru ya yi turus. Shi yashi ya sani, fari fat, da wani ɗan siririn ruwa da ya tsallake da ƙafa har tsibiri. Yau ga ruwa iya ganin ido, tsibirin can nesa, kukar kamar tsinke. Bai taɓa jin cewa gulbi yana cika bayan damina ba, don a ƙauyensu rijiya kaɗai ake da ita.

"Ɗan nan, ina hanyar da ka ce?" in ji Gwaggo.

"Ga ta nan, Gwaggo. Yayyafi aka yi jiya, ruwan ya kwanta a kan yashi. Iyakarsa kofato."

Agwagwa ta ce masa ƙasan wurin laka ce zalla, ya yi wa Allah ya shiga jirgi. Ya ce ita dai neman fasinja take yi. Ya ɗaga kai, ya taka ruwa da ƙarfinsa. Taku na farko kofato, na biyu gwiwa, na uku sai laka ta riƙe shi har ƙirji. Ya ja ƙafar gaba, ta baya ta nutse.

Da ya waiwaya, sai ya ga abin mamaki. Ashe gindin wata bishiya da ke gaɓa cike yake da 'yan kallo, an jera benci, har da mai tallan gyaɗa. Agwagwa ta gyara murya ta fuskanci baƙin da suka taru.

"Jama'a, kun yi sa'a. Kowace shekara in gulbi ya cika, ba ma rasa baƙon rani da zai nuna mana hanyar tsibiri. Bara Jaki ne, bana ga mai gemu. Daga garuruwa ake zuwa kallon wannan."

Sannan ta ɗauko igiya, ta gaya wa Bunsuru al'adar wurin: ba a jefa wa kowa igiya sai ya faɗa da bakinsa, sau uku, cewa bai san gari ba.

Bunsuru ya ce shi hutawa yake yi, ruwan da sanyi. Laka ta kai wuya. Ya ce dama haka 'yan birni ke wanka. Ruwa ya taɓa gemu. Ya dubi Gwaggo, ya ga ta baza kunnuwa ba ta ko ƙiftawa, ya san duk abin da ya furta sai ya riga shi isa gida. Baƙin ciki ya cika shi, amma ruwa ya fara shiga hanci.

"Ban san gari ba," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Na baya ba su ji ba," in ji Agwagwa.

Ya faɗa da ƙarfi, har sau huɗu, don kada a ce an yi kuskuren ƙirga. Aka jawo shi baƙi ƙirin, aka shanya shi a rana. Gwaggo ta shiga kwalekwale abinta ta je tsibiri ta dawo, shi yana nan yana karkarwa.

Da suka koma Tudun Ƙaya, dabbobi suka cika ƙofar Gwaggo suna tambayar yadda tsibiri yake. Ta taɓe baki ta ce, "Kuka ce kamar kowace kuka. Amma in kuna son abin kallo, ku matso in nuna muku yadda ɗan ƙanena ya yi ta miƙa wuya a cikin laka."

Darasin wannan labari shi ne, wanda ya ga wuri sau ɗaya bai gama saninsa ba. In ka je baƙon gari, ka tambayi masu shi tun kana kan tudu, domin faɗin "ban sani ba" ya fi sauƙi kafin jama'a su taru.