Baƙon Malam Nasidi

Akwai wani dattijo a unguwar Kwarbai cikin birnin Zariya, ana ce masa Malam Nasidi. Lokacin yaƙin Chadi ya tsinci wani baƙo ɗan Chadi mai suna Adamu a bakin masallaci, ba kaya, ba dangi. Ya ba shi ɗaki, ya koya masa ɗinkin hula.

Shekaru suka tafi. Kwano ɗaya suke ci. 'Ya'yan gidan suna ce wa Adamu Baffa, har su riƙa kwaikwayon Hausarsa, shi kuma yana dariya.

Wata la'asar suna zaure, rediyo ta ce ƙasashen duniya sun kafa kotu don hukunta masu kisan ƙare dangi a Ruwanda.

Malam Nasidi ya ja tsaki. "Shisshigi ne kawai. Kowace ƙasa ta ji da nata."

Adamu ya ajiye allurarsa.

"Yaya, mutumin da ya sa aka ƙone ƙauyenmu, da matata Sailuba a ciki, na gan shi bara a kasuwa. Yana taya shadda, yana raha."

"A nan ƙasar?"

"A nan. Can gida mutanensa ke da bindiga. Nan kuma an ce ba a nan ya yi laifin ba. Na bi shi da almakashi a aljihu har bakin tasha. Sai na tuna yaran gidan nan, na juyo. Yaya, wurin wa zan kai ƙara?"

 Malam Nasidi ya kama hannunsa, hawaye na bin gemunsa.

"Ka yafe mini, ƙanena. Na yi magana ban sani ba."

Daga ranar, in an zo labarin kotun, Malam Nasidi ke ƙara muryar rediyo, ya tsawata wa masu surutu.

Ranar da kotun ta yanke wa mai laifi na farko hukunci, Adamu ya yi sujada a tsakar zaure.

"Ba namu ba ne," ya ce, "amma yau mai kashe mutane ya ji alƙali ya kira sunansa."

Darasi: Azzalumi na tsallake iyaka, don haka dole shari'a ma ta iya bin sa. Ƙasar da ta goyi bayan kotun duniya ta buɗe wa irin su Adamu ƙofar kai kuka. Ku tura wa 'yan uwa su karanta.