Wakilin da Ya Cire Na'urar Yanke Wuta

Akwai wani maigida da ya gina tafkin iyo na siminti a bayan gidansa, domin matarsa tana fama da ciwon gwiwa, likita kuwa ya ce ta riƙa tafiya a cikin ruwa. Ya sa injin famfo mai tace ruwan, da tsani na ƙarfe. Da aka zo haɗa wayoyi, ya tsaya a kai har sai da aka sa wata na'ura tsakanin akwatin wuta da injin. Aikinta ɗaya ne. In wuta ta zurare daga waya ta nemi hanyar shiga ruwa, ko da kaɗan ce, sai ta yanke wutar nan take.

Mutumin ba marowaci ba ne. Ikkilisiyarsu ba ta da rafi kusa, don haka a tafkinsa ake yin baftisma.

Ana nan sai tafiya ta kama shi, zai kai matarsa asibiti a wani gari. Kafin su tashi, na'urar ta soma yanke wuta. In aka mayar, injin ya ɗan yi gurnani, sai ta sake yankewa. Ya kira Filibus, ɗan ƙanwarsa, magidanci mai 'ya'ya, wanda ya danƙa wa kulawar gidan. Ya gaya masa wuta tana zurarewa a wani wuri, kada a kunna injin sai mai gyara ya zo ya gano inda take fita. Filibus ya ce ya ji.

Maigidan ya dawo ranar Lahadin baftisma. Tun daga ƙofa ya ji muryoyin matan zumunta na ikkilisiya suna waƙa da bugun tulu. Ya zagaya baya, ya ga jama'a kewaye da tafki, masu karɓar baftisma suna jere cikin fararen kaya, ruwa garau har ana ganin ƙasansa, injin yana ta aiki. Zuciyarsa ta yi fari, ya ɗauka an gyara.

Fasto ya tuɓe takalmi, ya kama tsanin, ya sa ƙafa a ruwa. Sai jikinsa ya sandare. Hannunsa ya ƙulle a jikin ƙarfen, bakinsa a buɗe, ba magana. Wani dattijo ya zabura zai riƙo shi.

"Kada kowa ya taɓa shi," in ji maigidan da ƙarfi. Ya ruga da tsufansa, ya ja babban makunnin gidan. Injin ya yi tsit, Fasto ya faɗi a bakin tafki. Da ƙyar numfashinsa ya dawo. Aka sa shi a mota, tafin hannunsa a ƙone.

Maigidan ya buɗe akwatin wuta. Na'urar ba ta nan. An murɗe wayoyin biyu wuri ɗaya, an naɗe da baƙar roba. Ya bi wayar injin, ya tarar ɓera ya gwaguye ta, tana kwance tsirara a cikin danshi. Ya sa aka kira Filibus.

Filibus bai yi musu ba. Ya ce mai gyara ya yi ta sa rana bai zo ba, ruwa ya fara yin kore yana wari, baƙi kuma za su zo. Na'urar ce ta hana komai tafiya, shi ya sa ya cire ta.

"Kawu, mutuncinka na kare. Da ka ga yadda ruwan ya koma, ba za ka so mutanen ikkilisiya su gani ba."

"Mutuncina? Da aka ɗauki gawa a gidan nan, wane mutunci zai rage mini? Na'urar nan tana gaya maka akwai mutuwa a ruwa, kai kuma ka rufe mata baki don ta dame ka. Tun da ka cire ta, ka taɓa sa ƙafarka a ciki?"

Filibus ya sunkuyar da kai.

"Ba ka sa ba. Ka bar wa wani ya sa."

Ya karɓe makullan gidan daga hannunsa a gaban dattawa. Ba a yi baftisma ran nan ba. Fasto ya warke, amma yatsunsa biyu ba su ƙara miƙewa ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, wayar da ɓera ya ci, zunubi ne na ɓoye. Na'urar kuwa lamirin da Allah ya sa a zuciyar kowannenmu ne, tare da mutanen da yake aiko mana su tsawata mana. Filibus shi ne mutumin da tsawatawa ta fi zunubin ɓata masa rai.

'Yan'uwa, irinsa suna cikinmu, abin kuma yana ƙona mini rai. Akwai magidancin da matarsa ta yi masa magana a kan shaye-shaye, ya daka mata tsawa har ta daina, yanzu yana cewa gidansa lafiya lau. Akwai uwar da malami ya kawo mata ƙarar ɗanta, ta canja wa ɗan makaranta. Akwai shugabannin da wata yarinya ta kawo musu kukan abin da wani babba ya yi mata, suka ce ta yi shiru don sunan ikkilisiya. Shirun da ya biyo baya ba salama ba ce. Wutar tana nan cikin ruwa, wanda za ta kama kuwa galibi bai san komai ba, ya amince da ku ne kawai ya shigo.

Idan lamirinka yana yanke maka jin daɗi a wuri ɗaya kullum, kada ka yi fushi da shi. Tsaya, ka nemo abin da ya lalace, ka tuba. Idan kuwa ka riga ka rufe bakin wanda ya gaya maka gaskiya, kada ka ci abincin rana yau sai ka je wurinsa ka ce, "Na ƙi jinka a dā. Faɗa mini kuma, ina saurare."